Yadda Ake Koyon Dokar Tsarin Mulki Daga Hukunce-hukuncen Kotu

Kundin tsarin mulki ba shi da wuyar karantawa. Na Amurka, in ka ajiye gyare-gyaren da aka yi masa daga baya, sassa bakwai ne kacal, ana gama shi a zama ɗaya. Na Najeriya na 1999 ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, sassa 320 ne, duk da haka ɗalibi mai naci zai iya haddace manyan cikinsu cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce, ranar da aka yi masa tambaya ta gaske, haddar ba za ta fisshe shi ba.

Ɗauki sashe na 308, wanda jama'a ke kira rigar kariya. Ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa, ko gwamna, ko mataimakansu a gaban kotu muddin suna kan kujera. To, 'yan sanda fa, suna iya bincikar gwamna mai ci? Karanta sashen sau goma, ba za ka ga amsar a rubuce ba. Tana cikin shari'ar da Gani Fawehinmi ya yi da Sufeto Janar na 'yan sanda, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2002. Ta ce bincike daban, gurfanarwa daban, kuma rigar ba ta hana bincike. Amma sai kotun ta ƙi tilasta wa 'yan sanda su yi binciken da Fawehinmi ya nema, domin a cewarta su ke da ikon duba abin da ya kamata su bincika. Mutumin ya koma gida hannu rabbana, alhali ƙa'idar da ya je nema ta kafu.

Wanda bai saba da irin wannan ba, sai ya riƙa tambayar wa ya ci, wa ya faɗi. Masu ƙara ne wannan ya dama. Kai da ka zo koyo, dalilin da ya sa aka ci ko aka faɗi shi ne rabonka.

Fara da sashen, kafin ka buɗe hukuncin

Kafin ka karanta ko layi ɗaya na abin da alƙali ya rubuta, nemo sashen da ake jayayya a kansa, ka kwafe shi da hannunka a kan takarda. Ja layi a ƙarƙashin kowace kalma da za ta iya ɗaukar ma'ana biyu. Sannan ka rubuta a gefe yadda kai ka fahimce shi, ko da daga baya za ka ji kunyar abin da ka rubuta. Amfaninsa shi ne, idan alƙali ya bi wata hanya daban, za ka gane daidai inda kuka rabu.

Kada ka raina ƙananan kalmomi. Sashe na 134 na kundin Najeriya ya ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya. Wannan "da" ɗin da ke tsakanin jihohi da Abuja, ita manyan lauyoyi suka yi watanni suna ja a kai bayan zaɓen 2023. Wasu suka ce tana nufin dole a sami kason a Abuja ita kaɗai. Kotun Ƙoli, a watan Oktoban shekarar, ta ce a'a, ana lissafa Abuja ne tare da jihohin kamar ɗaya daga cikinsu.

Ka kuma tabbatar wane kundi ne aka yi shari'ar a ƙarƙashinsa. Ƙasashe da dama sun sauya kundi fiye da sau ɗaya. Hukuncin da ya soke hukuncin kisa a Afirka ta Kudu a 1995, shari'ar Makwanyane, an yanke shi ne bisa kundin wucin gadi na 1993, kafin na dindindin ya zo a 1996. Idan za ka kawo tsohuwar shari'a hujja a kan sabon kundi, jera sassan biyu kusa da juna ka ga ko kalmomin sun zo ɗaya. Kalma guda in ta canza, hujjar tana iya rushewa.

Labarin: wa ke neman me, kuma ta wace ƙofa ya shigo

Yanzu buɗe hukuncin. Karatun farko na labari ne kawai, kada ka tsaya tauna dalilai. Abin da kake nema shi ne su wane ne ɓangarorin, me ya haɗa su, me mai ƙara ya roƙi kotu ta yi masa, kuma waɗanne kotuna aka bi kafin a iso nan.

Babu shari'ar da ta kai Marbury da Madison daɗin koyar da wannan. A ƙarshen mulkinsa, bayan Thomas Jefferson ya kayar da shi a zaɓen 1800, shugaban Amurka John Adams ya yi ta naɗa mutanensa muƙaman alƙalanci. William Marbury na cikinsu. An sa wa takardar naɗinsa hannu, an buga mata hatimi, amma ba a kai masa ba har wa'adi ya cika. Sabon sakataren harkokin waje, James Madison, ya ƙi bayarwa. Ta leƙo ta koma ke nan. Marbury ya tafi kai tsaye Kotun Ƙoli, bai bi ta ƙaramar kotu ba, ya dogara da sashe na 13 na wata dokar majalisa ta 1789 da ta ba kotun ikon umartar jami'in gwamnati ya yi aikinsa.

Ga wani abu da ɗalibai da yawa ke tsallakewa. Tsohon sakataren da ya bar takardar a kan tebur bai aika ba, shi ne John Marshall, wanda yanzu ya zama Alƙalin Alƙalai, kuma shi zai yanke shari'ar. A yau da lauyoyi sun nemi ya janye. Ya kuma san sarai cewa in ya ba da umarni, gwamnatin Jefferson za ta yi kunnen uwar shegu da shi, kotun ta kunyata.

Sai ya kasa maganar gida uku. Marbury yana da haƙƙi a kan takardar? E. Doka ta tanadar masa hanyar neman haƙƙin? E. Wannan kotun ce za ta ba shi? A'a, domin dokar 1789 ta ƙara wa Kotun Ƙoli hurumin da sashe na uku na kundin bai ba ta ba, kuma duk dokar da ta ci karo da kundi ba doka ba ce. Ranar 24 ga Fabrairun 1803 ke nan. Marbury bai taɓa hawa kujerar ba, Jefferson bai sami umarnin da zai bijire wa ba, ita kuwa kotu ta fito da ikon soke dokar majalisa a hannunta. Allura ta tono garma.

Lura da cewa duk shari'ar ta rataya ne a kan abu ɗaya cikin labarin: ƙofar da Marbury ya shigo. Ɗalibin da ya rubuta "ya kai ƙara kotu" bai faɗi wace kotu ba, ya riga ya ɓatar da zaren.

Hurumi

Wannan ya kawo mu ga abin da ke kashe shari'o'in tsarin mulki da yawa tun kafin a taɓa gundarin magana. A kowace shari'a, tambayi kanka abu uku: kotun tana da hurumin sauraro? Mai ƙarar yana da tsayuwar da za ta ba shi damar kawo ƙarar? Batun ma irin wanda kotu ke shiga ne?

A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya ƙalubalanci naɗin shugaban hukumar zaɓe ta lokacin. Kotun Ƙolin Najeriya ba ta ce naɗin daidai ne ba, ba ta ce kuskure ne ba. Ta ce sanatan bai nuna wani haƙƙi nasa na kansa da aka taka ba. Haka kuma babi na biyu na kundin 1999, mai maganar ilimi da lafiya da walwalar jama'a, sashe na 6(6)(c) ya janye shi daga hannun kotu. Idan ka ga an kori ƙara, duba da kyau ko an kore ta ne don ba ta da gaskiya, ko don ba a ma saurare ta ba. Jaridu sukan cakuɗa biyun, kai kada ka cakuɗa.

Mayar da rigimar tambaya

Rubuta abin da kotu za ta warware a matsayin tambayar da amsarta e ce ko a'a, da sashen a ciki, da gaskiyar lamarin a ciki. "Batun ƙananan hukumomi" ba tambaya ba ce. Ga yadda za ta kasance a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya ta 2004: shin sashe na 162 ya ba shugaban ƙasa ikon riƙe kason ƙananan hukumomin wata jiha daga asusun tarayya? Shin sababbin ƙananan hukumomin da jiha ta ƙirƙira sun cika, alhali Majalisar Tarayya ba ta yi nata aikin da sashe na 8 ya ɗora mata ba? Amsar duka biyun a'a ce. Ta farko ta yi wa Legas daɗi, ta biyu ta yi wa Abuja, shi ya sa kowane ɓangare ya fito yana cewa shi ya yi nasara. Wanda ya raba tambayoyin biyu ba zai ruɗe ba.

Jigon hukunci da zancen kan hanya

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Hukunci na iya kai shafi ɗari, amma ba duk abin da alƙali ya faɗa ne ke ɗaure kotunan da ke ƙasa ba. Abin da ke ɗaurewa shi ne dalilin da sakamakon ya tsaya a kansa, wanda lauyoyi ke kira reshiyo. Sauran, wato tarihi da nasiha da "da a ce kaza ne da na ce kaza", shi ne obita, zancen kan hanya. Yana da daraja, musamman in daga babbar kotu ya fito, amma ba dole ba ne.

Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Ɗauki jimlar da kake zaton ita ce jigo, ka juya ta ta koma kishiyarta. Idan da haka sakamakon shari'ar zai canza, ka kama jigo. Idan sakamakon na nan yadda yake, zancen kan hanya ne, komai daɗinsa. Gwada a kan Marbury. A ce Marshall ya ce Marbury ba shi da haƙƙi a kan takardar: zai faɗi. Ya ce yana da shi: ya faɗi. Ba cinya ba, ƙafar baya. Ashe doguwar huɗubar da ya yi wa gwamnati a tambayoyi biyun farko ba ita ta yanke shari'ar ba, kuma Jefferson ya yi ta wannan ƙorafin har tsufansa. Amma juya ta uku, ka ce dokar majalisa tana aiki ko ta saɓa wa kundi, nan take Marbury ya ci.

Abin yana ƙara wuya idan alƙalai da yawa suka zauna, kowa ya rubuta nasa. A nan sai ka zana tebur, sunayen alƙalai a gefe, tambayoyi a sama, ka cike abin da kowa ya ce. Za ka sha mamakin yadda mutum biyu kan yarda a kan sakamako su saɓa a kan dalili.

Shari'ar Awolowo da Shagari ta 1979 ta isa misali. Jihohi 19 ne a lokacin, dokar zaɓe ta soja kuma ta nemi kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohin. Shagari ya samu a jihohi 12, a ta 13, wato Kano, ya sami kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu cikin ukun 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake buƙata a jiha ta 13 shi ne rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'unta. Yi lissafin da kanka: ɗaya bisa shida ke nan, ƙasa kaɗan da kashi 17, kuma Shagari ya haura. Mafi yawan alƙalan, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams, sun karɓi wannan. Mai shari'a Obaseki ya yarda a kori ƙarar Awolowo, amma ta wata hanya, cewa gazawar ba ta kai wadda za ta rushe zaɓe ba. Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya ce ba a gutsura jiha, 13 ake nufi. In ka tsaya ga "shida da ɗaya", ka rasa cewa shidan ba bakinsu ɗaya ba.

Mafi tsananin irin wannan ita ce Kesavananda Bharati ta Indiya a 1973. Alƙalai 13 suka zauna, aka rubuta ra'ayoyi 11, bakwai suka rinjayi shida a kan cewa majalisa na iya gyara kundi amma ba ta iya rusa ginshiƙansa. Kada ka fara da ita. Ajiye ta sai hannunka ya faɗa.

Alƙalin da ya saɓa

Ɗalibi mai gaggawa yakan tsallake ra'ayin marasa rinjaye, wai tunda ba shi ne doka ba. Ni kuwa sau da yawa da shi nake farawa a karatu na biyu, domin babu wanda ya san raunin hukuncin rinjaye kamar abokin aikin da ya zauna da su ya ƙi sa hannu. A 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba baƙar fata da farar fata a taragon jirgin ƙasa muddin an ce wuraren daidai suke. Bakwai suka yarda, John Marshall Harlan kaɗai ya ƙi. Shekara 58 bayan nan, a shari'ar Brown ta 1954, alƙalai tara baki ɗaya suka ce raba yara a makarantun gwamnati ya saɓa wa kundi. Gyara na 14 da aka dogara da shi a shari'o'in biyu bai canza ko harafi ɗaya ba tun 1868.

Shafi ɗaya

Bayan karatu na biyu, rufe hukuncin ka rubuta taƙaitawa da kalmominka, kada ta wuce shafi ɗaya: suna da shekara da kotu, sashen, labarin cikin layi biyar, tambayoyin, amsoshin, jigon, abin da mai saɓawa ya ce, sai ra'ayinka a ƙasa. In ta ƙi shiga shafi ɗaya, ba ka gama ganewa ba tukuna, koma.

Taƙaitawar da mawallafan rahoton shari'a ke sawa a saman hukunci ba alƙali ne ya rubuta ta ba. Yi amfani da ita wajen neman shafi, amma kada ka kawo ta hujja. Na taɓa gina amsa guda a kan irin wannan taƙaitawa, sai da na buɗe cikakken hukuncin na tarar maganar da na ɗauka ta kotu ce, ashe hujjar lauyan da ya faɗi ce alƙali ke maimaitawa kafin ya yi watsi da ita. Kotunan ƙoli da yawa yanzu suna sa cikakkun hukunce-hukuncensu a intanet kyauta, babu uzurin tsayawa ga gutsure.

Bi sawun shari'ar

Hukunci ba ya ƙarewa ranar da aka karanta shi. Sai ka bincika abin da ya biyo baya: an bi shi, an taƙaita shi, an soke shi, ko kuwa masu mulki sun zagaya ta bayansa.

A 1962 Gwamnan Yankin Yamma na Najeriya ya tsige Firimiya Akintola bisa wasiƙar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Kotun Ƙolin Tarayya ta ce tsigewar ba ta yi ba. Kotun ƙarshe ta lokacin, wadda ke Landan, ta ce ta yi, a 1963. Sai majalisar yankin ta gyara kundinta, ta mayar da gyaran baya yadda hukuncin Landan zai tashi a banza, kuma a shekarar ne aka daina kai ƙara can gaba ɗaya. A 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta soke wata dokar soja da ta ƙwace dukiyar mutane. Cikin 'yan makonni gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 28 ta 1970, ta shafe hukuncin, ta hana kotu sake taɓa dokokinta. Ɗalibin da ya karanta Lakanmi ya tsaya nan, zai fita da labarin da ba haka ya ƙare ba.

Saboda haka kada ka karanta shari'o'i ɗaiɗai kamar tsintar gyaɗa. Zaɓi batu guda, ka jera shari'o'i huɗu ko biyar bisa shekarunsu. A Indiya, Golaknath ta 1967 ta ce majalisa ba ta iya taɓa haƙƙoƙin asali, majalisa ta mayar da martani da gyara na 24 a 1971, Kesavananda ta zo a 1973, Minerva Mills ta ƙarfafa ta a 1980. A Najeriya, ɗora hukuncin Legas na 2004 kusa da na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, sannan ka koma ka karanta abin da sashe na 162 ya ce game da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Za ka ga inda kotu ta bi harafi, da inda ta bi manufa, kuma a nan ne za ka fara samun ra'ayin kanka.

Shari'ar wata ƙasa tana buɗe ido, kotuna ma kan ambace ta, amma ba ta ɗaure kowa a wajen ƙasarta. In za ka kawo ta, faɗi dalilin da ya sa sashen can ya yi kama da na nan.

Murɗa labarin

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ko ka mallaki shari'ar. Canza abu ɗaya a labarin ka ga ko jigon zai ɗauka. Ya fi daɗi da aboki, ɗaya ya tsaya wa mai ƙara, ɗaya ya tsaya wa gwamnati, bayan rabin sa'a ku yi musaya.

Koma kan Fawehinmi. An ce ana iya bincikar gwamna mai ci. To, ana iya gayyatarsa ofishin 'yan sanda ya amsa tambayoyi? In ya ƙi zuwa fa, alhali sashen ya hana a kama shi? Ana iya bincikar asusun bankinsa ba da saninsa ba? Shi gwamnan, yana iya kai wani ƙara yana kan kujera, tunda shi ba a iya kai shi? Kowace tambaya ka rubuta amsarka, ka nuna layin da ka dogara da shi a sashen ko a hukuncin, ka kuma yi alama a inda babu layin da ya taimake ka. Waɗannan wuraren da ka yi wa alama, su za ka ɗauka ka koma rahotannin shari'a ka duba ko wata kotu ta riga ta amsa.